Tabaran VR na kwali a matsayin aikin aji: gilashi, awo da wayar da za ta yi

Malama Rabi:
Assalamu alaikum malamai da masu sana'a. Ga tambaya a kan aikin aji na 'yan SS2. Ɗalibai 40 ne, rukuni 8 na mutum biyar-biyar, kowane rukuni zai haɗa tabaran VR na kwali, wato mai nuna hoto kamar mutum yana cikinsa, irin wanda ake zura waya a ciki, cikin mako uku. Zanen da ke yawo a intanet akasari na ƙananan wayoyin da ne, na yanzu kuwa sun kai inci 6.5. Wane gilashi za a nema, wane awo za a bi, kuma wace waya ce za ta yi aikin?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Malama. Kada kowa ya taɓa reza sai gilashi ya zo hannu an auna shi. Akwatin nan aikinsa kawai ya riƙe tazara uku daidai: daga gilashi zuwa fuskar waya, daga gilashin dama zuwa na hagu, da tsayin tsakiyar gilashi daga inda waya ta zauna. Gilashi da waya ne ke yanke awon nan uku. Wanda ya fara yanka kwali zai sake yanka wani.

Dalilin sa gilashi shi ne ido ba ya ganin abu tar a tazarar santimita 4 ko 5. Mai lafiyar ido yana son kamar santimita 25 kafin ya yi karatu ba tare da wahala ba. Gilashi mai tudu gaba da baya shi ke ɗaukar fuskar wayar da ke dab da ido ya nuna ta kamar tana can nesa, ya kuma ƙara mata girma. Google Cardboard na farko, wato tabaran kwali na kamfanin Google da aka fito da shi a 2014, ya yi amfani da gilashin roba mai faɗin milimita 25, mai tara haske a milimita 45. Ana samun irin gilashin nan a kasuwannin intanet, ana sayar da shi biyu-biyu. Rukuni 8 na buƙatar guda 16, a sayi 20 saboda karcewa.

Yadda za a auna: a shiga aji da rana, a tsaya jikin bangon da ke kallon taga, a riƙe gilashin kusa da bango ana matsar da shi gaba da baya har hoton tagar ya fito tar a bango, kansa a ƙasa. A sa rula daga tsakiyar kaurin gilashin zuwa bango. Wannan ita ce tazarar tara haskensa. A auna kowane ɗaya, a rubuta a 'yar takarda, a haɗa masu lamba ɗaya wuri guda. Idan na dama da na hagu suka bambanta da fiye da milimita 1 ko 2, ido ɗaya zai ga tar, ɗaya ya ga dishi-dishi, ciwon kai ya biyo baya.

Malam Isa:
Malam Habu, ban ƙi taka ba, amma makaranta nawa ce za ta iya yin odar gilashi ta jira ya iso cikin mako uku? Akwai hanyar gorar ruwa. A yanko da'ira biyu daga kafaɗar gora inda ta lanƙwasa, a haɗa su baki da baki kamar ƙwarya biyu, a liƙe gefen da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar 'yar kafa. Idan ya bushe a ɗura ruwa mai tsabta da sirinji, a fitar da kumfa, a toshe kafar. Ba a kashe ko sisi a gilashi ba, kuma yaro ya ga da idonsa cewa lanƙwasa da ruwa ne ke karya haske. Kada dai a sa sufa gulu, yana sa roba ta yi fari kamar hazo.

Malam Habu:
Malam Isa, a matsayin darasin karya haske na yarda ɗari bisa ɗari. A matsayin abin da za a manna wa yaro a ido kuwa, a'a. Ga lissafin. Ƙarfin karya haske na ruwa 1.33 ne, na robar gilashi 1.49. Kafin gilashin ruwa ya tara haske a milimita 45, sai kowace fuska ta yi lanƙwasar da'ira mai rabin faɗi kusan milimita 30, kuma lanƙwasar ta zama iri ɗaya ta kowace fuska aka bi ta, kamar ɓangaren ƙwallo. Kafaɗar gora ba haka take ba. Lanƙwasarta a kwance dabam, a tsaye dabam. Abin da zai faru shi ne idan layukan tsaye suka fito tar, na kwance su dushe, idan aka gyara na kwance na tsaye su ɓace. Ba tazarar da za ta gyara wannan. Sannan sai an yi guda biyu masu ƙarfi ɗaya, wanda da hannu abu ne mai wuyar gaske.

Malam Isa:
To a yi duka biyun. Mako na farko kowane rukuni ya yi na gora, ya auna shi a bango, ya rubuta abin da ya gani. Kafin nan na saye ya iso. Sai a kwatanta.

Malam Habu:
Wannan kam na sa hannu.

Bala Mai Gyaran Waya:
Salam. Idan oda ta gagara, a leƙa wajen masu sayar da kayan gyaran agogo da na waya. Ɗan gilashin nan da mai gyaran agogo ke maƙalawa a ido, wanda aka rubuta wa 5x, yana tara haske a wajen milimita 50, domin 250 ake rabawa da lambar. Zai yi. Mai 10x ya yi ƙarfi da yawa, milimita 25 ke nan, ɗigon sikirin kawai za a riƙa gani. Amma kada a yarda da abin da aka rubuta a jiki, a auna kamar yadda Malam ya ce.

Tabaran karatu na kasuwa ba zai yi ba sam. Yawancinsa daga +1 zuwa +3.5 yake, abin da ake nema kuwa wajen +22 ne. Babban gilashin ƙara girma mai mariƙi shi ma yawanci ya yi sanyi. Sai dai idan aka samu masu tara haske a milimita 90 ko 100, aka ɗora biyu a kan juna, za su dawo 45 ko 50. Kowane akwati zai ci guda huɗu ke nan, ga nauyi.

Batun waya shi ne inda aikin ya fi lalacewa. Dole wayar ta kasance da jairoskof, wato na'urar da ke gane juyawar waya. Wayoyi masu araha da yawa ba su da ita, kuma girman sikirin ko yawan kyamara ba ya nuna akwai ko babu. Gwaji mai sauƙi: a buɗe bidiyon 360, wato wanda ake iya duba kowane ɓangarensa, a manhajar YouTube, a riƙe wayar a juya jiki dama da hagu. Idan hoton ya bi juyin sumul, akwai. Idan ya tsaya cik sai an ja da yatsa, babu. A gwada wayoyin tun ranar farko, kafin yara su gama akwati su tarar ba abin sawa.

Sai kaifin sikirin. Waya mai inci 6.5 da ɗigo 720 sau 1600 tana da ɗigo kusan 270 a kowane inci. Mai 1080 sau 2400 tana da kusan 405. Gilashin yana ƙara girma fiye da sau biyar, don haka a ta farkon za a ga hoton kamar ana leƙe ta gidan sauro. Za ta yi aiki, amma ƙaramin rubutu ba zai karantu ba.

Injiniya Sani:
Bari in ɗora a kan maganar tazara, don a ga dalilin da ya sa milimita ɗaya ba wasa ba ce. A ɗauki gilashi mai 45. Nisan da ido zai ga hoton shi ne: tazarar waya sau 45, a raba da abin da ya rage idan an cire tazarar waya daga 45. Idan waya tana milimita 40, hoton zai bayyana a santimita 36. Idan 42 ce, santimita 63. Idan 43, kusan mita 1. Idan 44, kusan mita 2. A 45 cif hoton ya tafi nesa iyaka. Da an wuce 45 kuwa, mai lafiyar ido ba zai ƙara ganin tar ba komai ƙoƙarinsa. Gara a yi kuskure ta wajen kusa da a yi ta wajen nesa. A kula, lissafin na siririn gilashi ne, na gaske yana da kauri, don haka gwaji da ido ne zai yanke hukunci na ƙarshe.

Shi ya sa shawarata a yi akwatin gida biyu, ɗaya cikin ɗaya, kamar akwatin ashana. Na ciki yana ɗauke da gilashi, na waje yana ɗauke da waya. A zana layuka a gefe daga 38 zuwa 46, tsakanin kowane layi milimita 1. Yaron da ba ya ganin nesa zai matso da wayar ya ga tar ko bai sa tabaransa ba. Kuma awon daga gilashi ne zuwa fuskar sikirin, a cire rigar waya kafin a auna.

Ga yankan, ga waya mai tsawon kusan milimita 164, faɗi 76, kauri 9:

Farantin gilashi falle uku ne na kwali, kowanne 140 sau 80. Na tsakiya a huda shi daidai faɗin gilashi, 25. Na gaba da na baya a huda 22, su riƙe bakin gilashin kamar firam. Ta haka gam ba zai taɓa gilashi ba. A zana da'irar da kamfas na akwatin lissafi, a yanka da sabuwar reza kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a layi ɗaya. Wanda ya danna da ƙarfi lokaci guda zai murƙushe kwalin. Wurin hanci a yanke shi kamar dala, gindi 40, tsayi 30, sannan a gwada a fuska a ƙara.

Bangon tsakiya ya taso daga farantin gilashi har ya kusa taɓa sikirin, ya raba dama da hagu. Idan babu shi, kowane ido zai hango gefen hoton ɗan'uwansa. Cikin akwatin duka a shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli ko a manna baƙar takarda.

Kwalin ma a zaɓa. Na Google siriri ne, kaurinsa kamar milimita 1.5. Katan ɗin taliya ko na sabulu ya kai 3 zuwa 4, idan aka naɗe shi yana cinye awo. In shi ne a hannu, kada a naɗe, a yanka falle-falle a haɗa da gam. In za a naɗe, a fara jan layi da bayan almakashi.

Malama Rabi:
Injiniya, ba ka faɗi tazarar tsakanin ramukan biyu ba. Wasu zanen sun ce 60, wasu 64.

Injiniya Sani:
Duka biyun suna da asali, Malama. Cardboard na 2014 ya sa 60 tsakanin gilasai, 42 zuwa sikirin. Na 2015, wanda aka faɗaɗa don waya mai inci 6, ya sa 64 da 39, da gilashi mafi faɗi. Tsakanin ƙwayar idon babban mutum matsakaici kusan 63 ne, na yara ya fi haka ƙanƙanta. A auna na 'yan rukuni: yaro ya kalli abu mai nisa, wani ya ɗora rula a ƙasan girarsa ya karanta daga tsakiyar baƙin ido zuwa tsakiyar ɗayan. Ga gilashi mai 25 da 45, ni 60 zan zaɓa, saboda dalilin da ya wuce girman fuska.

Gilashin yana lanƙwasa hoto, kusurwoyi su miƙe waje. Manhajar da aka yi don Cardboard tana kumbura hoton tun a sikirin kamar ganga, don idan ya ratsa gilashi ya miƙe. Lambar QR da ke jikin akwatunan saye ita ke gaya wa manhaja awon akwatin da ƙarfin wannan lanƙwasa. Idan akwatinku ya bi 60 da 42, kuma tsakiyar gilashi tana milimita 35 daga inda gefen waya ya zauna, to saitin Cardboard na farko zai hau kansa daidai. Idan aka yi akwati da awon na farko aka bar manhaja a saitin na biyu, layuka za su karkace, duniyar ta riƙa lilo duk lokacin da aka juya kai.

Malam Habu:
Akwai wani tarko da dogayen wayoyi suka kawo, a lura da shi. Sikirin mai inci 6.5 tsawonsa kusan milimita 150 ne. Idan bidiyo mai hoto biyu gefe da gefe ya cika sikirin daga ƙarshe zuwa ƙarshe, tsakiyar hoton dama da na hagu za su yi nisan 75. Idanu kuwa 60 zuwa 63. Sai kowane ido ya juya waje kafin ya kama hotonsa, ido kuma an halicce shi ya juyo ciki ne, wajen kaɗan yake iyawa. Yaro zai ce yana ganin abu biyu, a ɗauka gilashi ne ya lalace. Maganin: kada a ja bidiyon ya cika sikirin. A bar shi a siffarsa ta 16 da 9, da baƙi a gefe biyu. Faɗinsa zai tsaya wajen 120, tsakiyar hotunan su dawo 60. A kuma sa alama a tsakiyar akwati da tsakiyar waya, layin da ya raba hoton ya hau kan bangon tsakiya daidai.

Malam Isa:
Maɓalli fa? Tsohon zanen yana da maganaɗisu biyu a gefe. Sannan ina ganin a sa igiyar roba ta zagaye kai, hannu ya huta.

Bala Mai Gyaran Waya:
Malam, a manta da maganaɗisu. Yana aiki ne ta hanyar rikita kamfas ɗin cikin waya mai nuna arewa, kuma wurin da kamfas yake ya bambanta daga waya zuwa waya, wasu ma ba su da shi. Google da kansu sun cire shi a na 2015, suka sa maɓalli mai taɓa sikirin. Mafi sauƙi a huda rami a ƙasan akwati ta dama wanda babban yatsa zai shiga. Masu son maɓalli su yanka siririn kwali, su naɗe shi da takardar alminiyam daga wannan baki zuwa wancan, su sa ɗan soso a ƙarƙashin bakin da zai taɓa sikirin. Faɗin bakin ya kai kan yatsa, kamar milimita 8. Sikirin yana jin jikin mutum ne ta cikin alminiyam ɗin, don haka idan takardar ta yage a tsakiya, ba zai amsa ba.

A ɗaure murfin wayar da robar ɗaure kuɗi guda biyu, a toshe gefe ɗaya da kwali. Waya tana sulɓewa ta gefe idan yaro ya karkata kai. A bar bayan wayar da ramuka don iska, VR yana sa ta zafi da sauri, idan ta yi zafi kuma sai ta rage gudu hoton ya fara tsalle.

Anti Zainab:
Malam Isa, igiyar kai kam kada a sa. Da gangan Google suka bar ta. Waya tana ɗan jinkiri tsakanin juyin kai da sauyin hoto. Sikirin mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana cin kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa a kowane hoto, kafin a ƙara lokacin lissafi. Idan akwatin yana hannu, mutum da kafaɗa yake juyawa, a hankali. Idan an ɗaure a kai, wuya ne ke juyawa da sauri, sai abin da ido ya gani ya saɓa da abin da cikin kunne ya ji, jiri da tashin zuciya su taso. Mai riƙe da hannu kuma yana iya saukewa nan take.

A kalla a zaune. Wayar juyin kai kawai take ganewa, ba ta san mutum ya yi taku ba, wanda ya tashi yana tafiya zai ci karo da benci. Minti 5 ya isa a zama ɗaya. A fara da hoton 360 marar motsi kafin bidiyo, a guji na lilo da na tseren mota. Yaro mai farfaɗiya kada ya kalla sai da izinin likita. Mai harara-garke ko mai ido ɗaya mai rauni ba lalle ya ga zurfin hoton ba, kada a matsa masa, kada kuma a rage masa maki.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon ido na Apolo. Akwati ɗaya, fuska biyar. A lulluɓe duk inda ke taɓa goshi da hanci da faffaɗan salatif don ya gogu, a goge da sifirit tsakanin yaro da yaro. Sifirit kada ya taɓa gilashin roba, yana sa shi tsattsagewa. Shi ruwa da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi ya ishe shi, kuma lokacin hunturu a fara hure ƙura kafin a goga. Duk wanda idonsa ya yi ja ko yake kwantsa ya haƙura sai ya warke.

Malam Isa:
Na janye maganar igiya, Anti. To me za su kalla? Manhajar Expeditions da aka yi don makarantu an rufe ta a 2021.

Malam Habu:
Bidiyon 360 na YouTube yana nan, ana taɓa alamar tabarau ya rabu biyu. Sai dai yana cin data. Faɗin bidiyon ana shimfiɗa shi ne a digiri 360, ido kuma kamar 80 yake gani lokaci guda. Bidiyo mai ɗigo 1920 zai ba ido ɗigo 430 kacal, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi ko gilashi lafiya lau. Sai an kai 4K, wato ninki biyu na 1920, yake kyau.

Abin da ya fi, yara su yi hotonsu. Ba data, ba jairoskof, kowace waya za ta yi. A ɗora waya a kan rula a tebur, a ɗauki hoton abin da ba ya motsi, a zame ta dama santimita 6.5 ba tare da an karkata ta ba, a sake ɗauka. Abu mafi kusa ya kai nisan mita 2, domin ƙa'idar masu wannan hoto ita ce zamewar ta zama kashi ɗaya cikin 30 na nisan abu mafi kusa. A jera su gefe da gefe, na hagu a hagu, tsakiyarsu ta yi 60 a sikirin. Idan zurfin ya fito a juye, na nesa ya dawo kusa, an musanya su ne. Wannan ita ce dabarar da Charles Wheatstone ya bayyana a Ingila a 1838, shi da madubai ya yi nasa.

Injiniya Sani:
Abu biyu da suka rage a yankan. Zurfin ɓangaren fuska kada ya yi yawa. Ido yana milimita 15 daga rami mai faɗin 22, zai ga fili na digiri kusan 72. Idan ya koma 25, filin ya faɗo ƙasa da 50, kamar leƙe ta bututu. A rage kwalin goshi kaɗan-kaɗan har gashin ido ya kusa taɓa gilashi amma bai taɓa ba.

Na biyu, rana. Gilashin da ya tara hoton taga a bango zai tara rana a kan sikirin, tunda sikirin yana zaune dab da inda haske ke taruwa. Daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙona tabo da ba ya gyaruwa, kwalin ma yana iya kamawa. Kada a ajiye akwati a bakin taga ko a tsakar makaranta gilashi yana kallon sama, kuma kada yaro ya kalli rana ta cikinsa ko da wasa. A cire waya da zarar an gama, a kifa akwatin, a sa a leda.

Malama Rabi:
Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin gwajin wayoyi da awon idanu, a fara na gora. Malam Habu, wayar da ba ta da jairoskof a ba rukuninta aikin hoto biyu ke nan?

Malam Habu:
Haka ne Malama. Su ma su sa tsakiyar gilashinsu a rabin faɗin wayar, wato 38 maimakon 35, tunda hotonsu a tsakiyar sikirin zai zauna.